Gonaki Sha Tara

Tun asuba na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa,
jika biyu daga aljihuna,
don in ga inda ruwa ya ɓalle
ya kwashe albasar Tsahara da tumatirin maƙwabtanta.
Na ƙirga gonaki sha tara.
Na sake ƙirgawa, kada a ce na ƙara gishiri.

Da la'asar Malam Haru ya gyara rubutun.
Sau uku wuta ta ɗauke kafin mu ɗora shi.

Da dare na tambayi injin nema
me ya faru a Jiratawa.
Sai ya ba ni amsa da bakina,
sha tarana, har da sunan Tsahara,
ya yanke jela, ya yanke kai,
tallan taki yana ƙyalli a gefe.
Wanda ya ƙoshi tun a zaure
me zai kai shi cikin gida?

Dillalin shanu a kasuwarmu, komai wayonsa,
la'ada yake ci, ba ya cin saniyar.
Wannan ya tare ƙofar kasuwa shi kaɗai,
shi ne awo, shi ne mudu,
shi ke nuna wa baƙo rumfa.

Ana ta maganar doka, wai a sa shi ya biya.
Malam Haru har ya fara lissafi a bayan ambulan:
haya, tawada, bashin mai shayi.
Ban hana shi ba.
Amma na san wa za a kira zaman ciniki,
masu bene a Yamai, masu lauya da kwat.
Mu uku ne, da fanka ɗaya mai tari.
In kuma ya ji haushi ya share sunanmu,
wa zai san an yi ruwa?

Ga ƙanena Lawali a shagonsa bayan tasha,
shekara biyu yana haɗa nasa ɗan injin
mai jin Hausar Katsinawa da ta Gobirawa,
wanda ya san dala ba dalar Amurka ba ce.
In kuɗin ƙofa ɗaya ne ga kowa,
giwa za ta biya da gashin jelarta,
shi kuwa sai ya sayar da babur.

Ina so a biya ni, ba na ɓoyewa.
Ƙurar hanyar nan a huhuna take.
Sai dai a auna da kyau,
a sa hannun talaka a kan mudun,
a huda wa katangar ƙofa ta biyu, ta uku.

Ɗazu Tsahara ta kira da wayar ɗanta:
"An karanta kuwa? Za a kawo iri?"
Na ce an karanta, Inna, sosai ma.
Sauran ban amsa ba.

Gobe Madarunfa, masunta na kuka da tafki.
Na duba aljihu.
Jika ɗaya da 'yan canji.