Gindin Gwangwani

Shekara tara ina auna wake a kasuwar Asafo
da gwangwanin da mutan Kumasi ke ce wa olonka.
Daga ni sai Allah muka san gindinsa.
Wani dare na kife shi a kan turmi,
na dandaƙa da dutse har ya shige ciki.
Yatsa biyu ne kacal.
Yatsa biyu a kowane awo, awo ɗari a wuni,
da su na yi wa ɗakina na Aboabo rufin kwano.

Ran Lahadi kuwa muryata ke gaba.
Ni ke ɗora waƙa a zumuntar mata,
ɗaurin kallabina ya fi na kowa tsini.

Jumma'ar nan gari ya sha baƙi da ja,
yadda Asante ke yi in babba ya kwanta dama.
Fasto Barnaba ya karanta labarin, bai sa gishiri ba.
Yana kaiwa wurin ƙusoshi
sai maƙerin bayan coci ya kama aiki.
Kowa ya ji guduma.
Ni dutsena na ji.

Ya Yesu, ban tofa maka yawu ba,
ban saƙa rawanin ƙaya ba.
Na dai tsaya kusa da sunanka
kamar mai shan inuwar rumfar da ba tata ba,
ina rage wa mutane cin dare.

Asabar kana kwance, ni na kasa zama.
Na ɗora buhu a kai har Asawase,
wurin Maame Adwubi mai dafa wake da shinkafa,
wadda ta taɓa ce mini,
"Ke 'yar coci ce, ba na duba awonki."
Na kife gwangwanin a gabanta.
Ta sa yatsa cikin ramin, ta daɗe ba ta cire ba.
Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.
Ba ta kuma ce ta yafe ba.
"Ajiye buhun can," ta ce, "sai Talata mu gani."

Maƙerin nan ne ya buge mini gindin ya dawo daidai.
Sidi biyar ya karɓa, bai tambaye ni komai ba.

Da asuba muka fito cikin farare,
ana ta shelar kabari wayam.
Yau na bar wa Rifkatu ɗora waƙa,
na koma layin baya ina amshi.

Sauran mutane nawa? Ban san sunayensu ba.
Wasu sun bar garin, wasu na ƙasa.
Ka tashi da tabon ƙusa a hannu,
gwangwanina ma da tabonsa.
Hannuna bai manta tsohon hali ba, Ubangiji,
ka riƙe mini shi
in na tsoma cikin buhu ran Talata.