Cokalin Katako

A Nazare, inda teku ke kwana tana tari,
Deolinda ta shekara talatin tana shanya kifi a bakin gaɓa.
Gishiri ya san hannunta kamar ɗan cikinta.

Likitan Leiria ya ce a rage gishiri,
a yi sallama da naman hayaƙi.
Ran Talata ƙarin ruwa, magani yana sauka
ɗis, ɗis,
sankarar ciki ta kasa kunne.

Ta dawo gida, baki duk ƙarfe.
Miyar kabeji ƙarfe, ruwan sha ma ƙarfe.
Ta ture kwano.

Belmiro bai ce uffan ba.
Ya sauko da tsohon filafilin jirginsa
ya kwana yana sassaƙa,
leɓensa na laluben sigarin
da ya jefar tun watan jiya.

Da asuba, ga cokalin katako,
karkatacce, mummuna.
Ya matsa lemun tsami a romo, ya ɗiga man zaitun.

Cokali ɗaya. Ta dakata.
Na biyu.
"Lami," ta ce tana harararsa.
Ɗankwali ya zame daga kan da gashi ya gudu ya bari.
Ta ƙyale shi a ƙasa,
ta kai na uku.