Ruwan Bunu a Jekadafari

Tun ran da likita ya raba ni da sukari
na ɗauke ƙafa daga teburin Bappayo.
Shekara talatin ina zaman bencin nan,
kofin roba, madara har ta yi kauri,
cokali ya tsaya da ƙafarsa a ciki.
Rana ɗaya aka ce: Malam, a haƙura.

Sai ga saƙo daga Dijatu,
autata mai karatun haɗa magunguna a ƙasar Sin:
ɗan gwangwani ja, bai kai dunƙulen hannu ba,
rubutun jikinsa kamar sawun kaji a rairayi.
Ta ce a waya: Baba, kada ka dafa shi.
Na ce: Yau ga shayin da ba a dafawa,
gobe kuma sai tuwon da ba a tuƙawa.

Na buɗe. Ganye baƙi, murɗaɗɗe,
siriri kamar zaren da mazari ya kaɗa,
nan da can ɗan toho mai ruwan zinariya.
Ƙamshinsa bai ɗaga murya ba,
ya tsaya a zaure sai da na ce ya shigo.

Ga yadda ta koya mini, ni da na koya mata tafiya:
ruwan randa, ba na famfo mai warin magani ba.
Gawayin ƙirya, a jira ya daina hayaƙi.
In buta ta tafasa a sauke,
a ba ta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ta huce fushi.
A ɗauraye tangaran da ruwan zafi,
a zuba abin da yatsa uku suka ɗauko.
Ruwan farko na wanke fuska ne, a zubar.
Na biyu shi ne baƙon.

Ban duba agogo ba.
Ni tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne,
tsawon jira a ƙashina yake.
Numfashi goma sha biyar, na tace.

Ashe ba baƙi ba ne. Ja ne,
jan da rana ke bari a ruwan Dadin Kowa
in ta kusa faɗuwa.

Kurɓar farko, ba komai.
Harshe na ta cigiyar tsohon ubangidansa.
Ta biyu, ɗan ɗaci mai kunya,
sai busasshen dabino daga nesa,
sai dankalin da aka binne a toka,
sai wani zaƙi da ba hannun da ya zuba
ya taso daga maƙogwaro bayan na haɗiye,
kamar amsar da kan zo wa mutum
bayan an watse daga gardama.

Bappayo ya zo dubiya, ya leƙa kofi:
"Ruwan bunu, Malam Ardo? Talauci ne ko takaba?"
Na zuba masa zagaye na uku.
Ya kurɓa, ya yamutsa fuska,
ya ce da an sa madara da ya zama shayi.
Amma bai ajiye kofin ba.
Jiya ma ya dawo, wai hanya ce ta biyo da shi.

Ganyen kan ba da ruwa har sau biyar,
kowane zagaye da muryarsa,
na ƙarshe raɗa kawai.
Sannan ya warware a gindin tangaran,
ya koma ganye sosai, da jijiyarsa da gefensa,
sai in tuna hannu ne ya tsinko shi
a wani tsauni da ba zan taɓa hawa ba.
Wataƙila hannun 'yar wani.

Gwangwani ya kai rabi.
Dijatu kuwa sai bayan damina biyu.
Na rage yatsa ɗaya daga ukun,
na ƙara numfashi biyar a kan jiran.
Lissafin ya kusa fita.