Bindigar da Ba Ta Tashi

A wani kanti can Nagoya
Kuwabara ya tsaya gaban gilashi.
Bindiga ce, amma ba ta tashi,
bakinta a toshe, ba ta san harsashi ba.
Yen dubu tamanin. Rabin fanshon wata ke nan.

Fumie ta ce, "Sha ɗaya a bango,
ga rufin ɗaki yana yoyo.
Wai me kake saye, ƙarfe ko katako?"

Bai tanka ba. Ya ɗaga ta, ya jinjina.
Kilo huɗu, har da maɗauri.
Irinta uban da bai taɓa gani ba
ya saɓa a hoto ɗaya tilo.

"Akwai tsada," in ji shi, yana ƙirga kuɗi.
"Nauyin nake saye."