Kwaɗon da Ba Ya Kuka

A bayan shagon cajin Lurwanu,
kan tudun da ke kama sabis layi biyu
in iska ta taso daga Gagarawa,
mu huɗu muke zama bayan Isha'i.
Waya huɗu, tabarma ɗaya,
sauro ne na biyar, shi kuwa ba ya ɓarnar harsashi.

Tasi'u ke kutsawa gaba.
Mudi na kan rufi yana leƙe.
Ɗanjuma bai san gabas ba a taswira
amma ya iya gudu.
Ni aka bar wa jakar magani
don babu wanda ya so ta.

Akwai wata bindiga a allon zaɓi,
doguwa, mai madubin hange, ruwan toka,
an rataya mata kwaɗo.
Ba na fadama ba, mai kuka da damina.
Wannan shiru yake, sai lamba a goshinsa:
mataki na talatin.
Ko ka biya yanzu, in ji ɗan rubutu a ƙasa.
Na lissafa, kuɗin tiya uku ne na riɗi.

Wanda ya gina gidan nan ya san zuciya.
Ya ajiye akushi inda ido ke kaiwa,
hannu kuwa saura taki ɗaya.
Kullum sai ya miƙo maka loma:
yau hula, gobe fenti,
jibi takalmin da ba ya ƙara sauri,
don kada ka yi fushi ka tafi barci.

Ga lissafinsa: kisa, maki ɗari.
Tayar da ɗan'uwan da ya faɗi, goma.
A gayyar gonar Kawu Inusa
mai kawo ruwa da mai riƙe garma
ludayi ɗaya suke shan fura da shi.
Maginin nan bai taɓa zuwa gayya ba.

Wani dare wani yaro ya shigo,
sunansa duk lambobi, mataki na biyu,
bindigar nan a hannunsa, har da ruwan zinare.
Ya kwashe mu huɗu kafin Mudi ya gyara zama.
Harsashina kuwa, da irin sabis ɗinmu,
yakan tashi Talata
ya isa Lahadi, ranar Gujungu.

Dare arba'in da ɗaya na yi.
Goma, goma, goma,
kamar mai tsintar riɗin da ya zube a ƙasa.
Babban yatsana ya yi kanta.
Batir ya mutu sau nawa, Lurwanu ne ya sani,
yana da littafin bashi.

Rannan kwaɗo ya faɗi.
Allo ya yi walƙiya, aka buga mini ɗan kiɗa.
Ɗanjuma ya yi ihu har kare ya amsa daga masussuka.

Abin da ba a faɗa mini ba:
gurbi ɗaya ne a bayan soja.
In ka ɗau doguwa, jaka ta sauka.

Na ɗauka. Na hau rufi kusa da Mudi.
Ta madubi komai ya matso,
har na ga Tasi'u a bakin gada,
ya faɗi, yana rarrafe,
jan layinsa na ƙanƙancewa.
A kan tabarma kuwa gwiwarsa na taɓa tawa,
yana cewa, "Sagiru, ina kake? Sagiru!"
Ban taɓa ganinsa sarai haka ba.
Babu komai a hannuna da zai tashe shi.

Da safe saƙo ya zo, wai a sabunta.
Ya cinye datar mako guda.
Sun rage wa doguwa ƙarfi,
wai mutanen wata ƙasa sun yi ƙorafi.
Ga sabuwa kusa da ita, baƙa wuluk,
da nata kwaɗon: arba'in da biyar.

Tasi'u bai ce komai ba da dare.
Ya zauna, ya kashe sauro a wuyansa,
ya leƙo allona
don ya ga me zan rataya.