Bayan Jirgi Ya Wuce

Gurmina ba na gado ba ne.
Duma na saya a Mil Sha Biyu,
fata Jatau mahauci ya ba ni a Oko-Oba,
tsirkiya daga birkin mataccen keke.
A gidanmu ba makaɗi;
ubana rijiya yake haƙa, ko a can ƙasa ba ya waƙa.

Ran da na fara ɗaga murya
sunan ɗan Barmo ake yi, a Agege, bayan la'asar.
Baiti biyu na yi, na uku ya maƙale
kamar ƙayar kifi a maƙogwaro.
Wani yaro ya ce, "Akuya aka taka?"
Har mai jego ta yi dariya daga ɗaki.
Na cusa gurmi a buhu,
na bi lungu, ban tsaya cin tuwo ba.

Wata huɗu yana rataye a ƙusa,
gizo-gizo ya ƙara masa tsirkiya.

Sai na gano bakin dogo.
In jirgin Badun ya taso yana ruri
nakan buɗe baki iya ƙarfina,
ƙarfe ya haɗiye kuskurena, ba shaida.
Tarago ɗaya, baiti ɗaya.
Ya wuce, in yi gum, in jira na gobe.

Iya Sikira mai tuyar ƙosai
ba ta jin Hausa sai ta ciniki,
amma ta buga ludayi a bakin kasko
ta nuna min inda nake gaggawa:
nan, da nan, da nan kuma.
Tukur mai gadi, haƙori uku ya rage masa,
ya saurara dare biyu, ya ce,
"Zanen aro ba ya rufe katara, yaro.
Me ka ɗauka yau a ka?"
Na ce kwandon tumatir, arba'in da biyu.
Ya ce, "To, ga waƙa."

Na rera ruwan tumatir da ke bin ƙeya,
da gammon da ya fi matashi sanin kaina,
da yaron danfo mai lilo da hannu ɗaya,
da ruwan Ikko mai shiga ɗaki ba sallama,
da kuɗin da nake aika wa gida ran Juma'a,
suna narkewa kamar ƙanƙara a rana.

Wata safiya jirgi ya zo ya wuce,
ƙararsa ta nutse wajen Iju,
ni ban sani ba, ina ta yi.
Ko da na ankara, 'yan acaɓa uku sun kashe inji,
mai shayi na riƙe da buta, ya manta da kofi.
Ba wanda ya yi dariya.
Ɗaya ya ce, "Maimaita wajen gammon nan."

Daren bikin ƙanwar Jatau aka ɗauke wuta,
janareta ya yi tari sau uku, ya ƙi.
Aka haska ni da fitilar waya: "Ina mai tumatir?"
Gwiwata ta kaɗa, ba na musu.
A baiti na uku, wurin nan dai, kalma ta gudu.
Na bar tsirkiya ta yi magana,
na ja numfashi, na jira,
ta dawo har da ƙawarta.
Mata suka karɓi amshin da ban koya musu ba.
Wata tsohuwa ta manna min ɗari biyu a goshi,
gumi ya riƙe ta.

Har yau in na hau sama muryar takan tsage,
har yau yatsan tsakiya yakan makara,
kuma da asuba kwando na jirana.
Amma na daina tambayar lokacin jirgi.
Yanzu in ya zo nakan dakata masa,
kamar yadda ake yi wa babba mai tari:
ya gama,
in ɗora daga inda na tsaya.