Rijiyar Mwanaidi

Tsibirinmu ɗan mitsitsi ne.
In ka fita da asuba kana bin gaɓa,
kafin hantsi ka tarar da sawunka.

Baƙi don yashi suke zuwa,
fari fat kamar garin shinkafa.
Su shimfiɗe a rana kamar kifin shanya,
su koma jirgi da jan baya.
Mu kam rijiya muke tsaro.

Tana can ƙasan gaɓa,
inda teku ke haɗiye ta sau biyu kullum.
In ya janye, ka yaye ciyawar ruwa,
ka zura ƙoƙon kwakwa,
ka sha ruwan daɗi a bakin gishiri.

Kakata Bi Tatu ta ce Mwanaidi ta haƙa ta,
yarinyar da jirgi ya kife da ita,
igiyar ruwa ta tofo ta nan
daga ita sai ƙumba ɗaya a hannu.
Kwana uku tana tono, leɓe ya tsage,
har teku ya ji kunya.
Ya ce, wannan na bar miki,
amma ran da aka sayar da ɗigo ɗaya
zan zo in karɓi abuna.

Bara Shaame, ɗan kawuna,
ragarsa ta yage, bashi ya sha masa kai.
Ya cika kwalba bakwai,
ya ɗaura musu zaren kwakwa a wuya,
wata baƙuwa mai faffaɗar hula ta saye duka.

Ba a yi tsawa ba.
Kwale-kwale ko ɗaya bai nitse ba.
Sai dai da damina ta wuce
mata suka fara yamutsa fuska a bakin rijiya.

Malamin makaranta ya ce teku ne ke tasowa,
ba nan kaɗai ba, har can inda ba a san Mwanaidi ba.
Kakata ta ce, na ji,
amma a mayar masa da kuɗinsa.
Shaame ya sayar da fitilarsa ta kamun dare,
ya ƙirga kuɗin kwalba bakwai,
ya shiga ruwa har ƙirji
ya buɗe hannu.

Yau da ruwa ya janye na je ni kaɗai.
Na zura ƙoƙo, na kurɓa, na riƙe a baki.
Akwai ɗan gishiri.
Na rijiya ne, ko na leɓena,
tun da iska nake sha tun safe?
Na sake ɗiba.
Kaguwa ta fito daga raminta tana kallona.